Me ya sa Padres suka rabu da Juan Soto alhali shi ne gwaninsu?

Tambaya: Malam, ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro. Sai da zama ya kawo ni San Diego na fara bin wasan besbol, har na zama ɗan goyon bayan Padres. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne yadda suka ba New York Yankees Juan Soto a watan Disamban 2023. Yaro ɗan shekara 25, bai yi fashin wasa ko ɗaya ba a kakar da ta gabata, kuma ko sisi ba su karɓa ba, sai 'yan wasa biyar da ban taɓa jin sunansu ba. Wane irin lissafi ne wannan? Kuma da yana nan, ashe ba mu fitar da Los Angeles Dodgers a 2024 ba?

Amsa: Ɗan'uwa, na san ciwon da ke bayan wannan tambaya. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya saba ganin ɗan wasa irin Soto kullum a filin Petco, rana ɗaya ya gan shi sanye da rigar wasu. Amma kafin a ce an yi wauta ko an yi dabara, sai an fara duba abin da ke hannun Padres a wannan hunturun. Abin da suka mallaka na Soto kaka ɗaya ce tak, ta 2024, kuma ita suka bayar. Duk bayanin da zan yi maka a kan wannan yake tafiya.

A ƙwallon ƙafa ka saba jin ƙungiya kaza ta sayi ɗan wasa fam miliyan kaza, ya je ya sa hannu a sabon kwantiragi. Gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba haka take ba. Ƙungiyoyinta 30 ba sa sayar wa juna manyan 'yan wasa da kuɗi. Musaya ake yi, mutum da mutum, kuma ɗan wasa yana tafiya da kwantiraginsa yadda yake. Galibi ma ba a neman yardarsa, sai in an rubuta masa cewa ba za a musanya shi ba sai da izininsa, ko kuma ya shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. In ka ji an haɗa da kuɗi a musaya, yawanci na rage wa wadda ta karɓa nauyin albashi ne. Rashin karɓar sisi da ya ba ka mamaki, shi ne al'adar wasan.

Abin da ake lissafi da shi shi ne shekarun aiki. Duk ranar da ɗan wasa ya yi a babbar gasa ana rubuta masa, kwana 172 shi ne shekara guda. Shekaru ukun farko ƙungiya ce ke yanka masa albashi, kuma ba ya nisa da mafi ƙanƙanta, wanda a 2024 dala 740,000 ne. Bayan ya cika shekara uku har zuwa ta shida yana da damar kai ƙara gaban masu sulhun albashi. Yana cika shekara shida ya zama mai cin gashin kansa, duk ƙungiyar da ta fi biya ita zai je. Wannan tsari ya samo asali ne daga hukuncin da mai sulhu Peter Seitz ya yanke a Disamban 1975 a kan 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, da yarjejeniyar da ta biyo baya a 1976. Kafin nan ƙungiya na riƙe ɗan wasa har ya yi ritaya in ta ga dama.

Zaman sulhun nan ya kamata ka san yadda yake, don yana bayyana halin da ake shiga tsakanin ƙungiya da gwaninta. Ƙungiya ta rubuta adadinta, ɗan wasa ya rubuta nasa. In ba su daidaita ba sai a zauna gaban mutum uku, yawanci a watan Fabrairu. Su ukun ba su da ikon tsayawa a tsakiya, dole su ɗauki ɗaya daga cikin adadin biyu. Ɗan wasan na zaune a ɗakin, wakilan ƙungiyar da yake yi wa aiki suna jero kurakuransa ɗaya bayan ɗaya don su nuna bai kai abin da ya nema ba. A 2023 Corbin Burnes, wanda ya taɓa cin kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, ya nemi dala miliyan 10.75, Milwaukee Brewers suka ce 10.01, aka ba su gaskiya. Ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa zaman ya taɓa dangantakarsa da ƙungiyar. Shekara na zagayowa suka musanya shi zuwa Baltimore, shi ma saura masa kaka ɗaya. Haka Boston Red Sox suka yi da Mookie Betts a Fabrairun 2020. Ka ga abin da ya sami Soto ba sabo ba ne, shekarar ƙarshe kafin 'yanci ita ce shekarar da ake yawan rabuwa da manya.

Soto ya shigo babbar gasa a 2018 yana ɗan shekara 19, ya ci kofin World Series, wato kofin zakaran gasar, da Washington Nationals a 2019. A 2022 Nationals suka yi masa tayin dala miliyan 440 na shekara 15, ya ƙi. Wakilinsa Scott Boras ne, wanda an san shi da kai 'yan wasansa kasuwa maimakon su sa hannu da wuri. Wanda ya ƙi miliyan 440 yana ɗan shekara 23 ya riga ya gaya wa kowa inda ya dosa. Albashinsa na 2023 miliyan 23 ne, na 2024 ya kama miliyan 31, kuma a ƙarshe kasuwa ta ba shi abin da yake jira: Disamban 2024 New York Mets suka ba shi miliyan 765 na shekara 15. Yankees da duk arzikinsu ba su iya riƙe shi ba. Babu wani mai hankali a ofishin Padres da ya yi tsammanin zai tsaya bayan 2024.

To ga kuma halin da aljihunsu ke ciki. Marigayi Peter Seidler, mai ƙungiyar, mutum ne da ya ƙudura sai San Diego ta ɗauki kofin da ba ta taɓa ɗauka ba tun kafa ƙungiyar a 1969. Sau biyu suka kai wasan ƙarshe, 1984 da 1998, duka aka doke su. Ya saki hannu yadda ba a saba gani ba a gari mai girman San Diego. Fernando Tatis Jr. ya samu miliyan 340 na shekara 14, Manny Machado miliyan 350 na shekara 11, Xander Bogaerts miliyan 280 na shekara 11, ga Yu Darvish da Joe Musgrove kowanne da kwantiragin miliyan 100 ko fiye. A 2023 su ne na uku a yawan albashi, bayan Mets da Yankees, kuma duk ukun ba wadda ta shiga wasannin Oktoba na neman kofi. Padres sun ci wasa 82, aka doke su 80. A watan Mayun shekarar kamfanin da ke nuna wasanninsu a talabijin, Diamond Sports Group, ya kasa biyan kuɗin da ke kansa, hukumar gasar ta karɓi nunin. Yarjejeniya ce da ke kawo musu kimanin dala miliyan 60 a shekara. Ranar 14 ga Nuwamba Seidler ya rasu. Sati uku bayan nan aka yi musayar Soto.

Sannan akwai harajin wuce iyaka. MLB ba ta hana ƙungiya kashe abin da take so, amma akwai layin da in albashinka ya haura shi za ka biya haraji a kan rarar. A 2023 layin miliyan 233 ne, a 2024 miliyan 237. Shekarar farko kashi 20 cikin ɗari ne, ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50, kuma yawan nisan da ka yi wa layin, yawan ƙarin da ake ɗora maka. Padres sun haura shekara uku a jere, harajinsu na 2023 ya kusa miliyan 40, aka kuma ja da zaɓinsu na farko a zaɓen matasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, baya da gurbi goma. In ƙungiya ta sauko ƙasan layin shekara guda, lissafin ya koma farko. Shi ya sa kake ganin manyan ƙungiyoyi kan ɗaure ciki na kaka ɗaya. Ga Padres kuwa, miliyan 31 na Soto a bisa wannan layin ya fi miliyan 31 nesa ba kusa ba.

Amma ni a ganina kuɗi rabin labarin ne. Rabin da masu kallo ba su cika lura da shi ba shi ne jifa. Kaka wasa 162 ce, kowane wasa zagaye tara, ke nan ƙungiya na buƙatar masu jifan da za su ɗauki zagaye sama da 1,400 a tsakaninsu, kuma hannun ɗan'adam yana da iyaka. Mai buɗe wasa sau ɗaya yake jifa a kwana biyar, shi ya sa ake neman su biyar, da wasu a ajiye don rauni ba ya sallama. Kakar 2023 na ƙarewa, Padres suka rasa Blake Snell, wanda ya ci Cy Young a shekarar da zagaye 180, suka rasa Seth Lugo da Michael Wacha da Nick Martinez, suka rasa mai rufe musu wasa Josh Hader. Su biyar ɗin sun ɗauki zagaye sama da 600. Kusan rabin jifan ƙungiyar ya fita ƙofa cikin hunturu guda. Waɗanda suka rage a masu buɗe wasa Darvish ne da Musgrove, kuma dukansu da rauni suka ƙare kakar. Sayen madadinsu a kasuwa ba arha: Kansas City Royals sun ba Lugo miliyan 45 na shekara uku, Wacha miliyan 32 na shekara biyu, Houston Astros suka ba Hader miliyan 95 na shekara biyar.

Yanzu ka sa kanka a kujerar A.J. Preller, shugaban sashen 'yan wasa. An ce ka rage albashi sosai, kuma Machado da Bogaerts da Darvish shekarunsu sun fara ja, ba za ka ce a rushe a jira shekara biyar ba. Kwantiragoginsu masu nauyi ba mai karɓa sai ka haɗa masa da kuɗi. Abu ɗaya ne a gidan da kowa ke so, wanda fitar da shi zai sauke nauyin albashi, ya kuma shigo da masu jifa a lokaci guda. Kamar mai gonar haya ne da wa'adi ya rage masa damina ɗaya, ya san mai gona ba zai sabunta ba: ko ya noma ta ya tashi hannu biyu, ko ya miƙa wa wani daminar ya karɓi abin da zai daɗe a hannunsa.

In sun riƙe shi ya tafi da kansa, me za su samu? Akwai tayin shekara ɗaya da ƙungiya ke yi wa ɗan wasanta mai fita, wanda a hunturun 2023 dala miliyan 20.325 ne. In ya ƙi ya tafi, a ba ta ƙarin zaɓi guda a zaɓen matasa. Ga ƙungiyar da ke biyan haraji, zaɓin sai bayan zagaye na huɗu na zaɓen yake zuwa, inda mafi yawan waɗanda ake ɗauka ba sa zama komai a babbar gasa. Abin da Padres suka samu a kan Snell da Hader ke nan, kuma shi Yankees suka samu da Soto ya koma Mets. Wasu kan ce da sun jira zuwa ƙarshen Yuli su ga yadda kaka take, in ba ta yi ba sai su musanya shi. Ban yarda da wannan ba. Wata biyu na ɗan wasa ba ya kawo abin da kaka cikakkiya ke kawowa, an riga an biya mafi yawan albashinsa, kuma ramin jifan nan tun watan Afrilu yake buƙatar cikewa.

Ranar 6 ga Disamba, lokacin babban taron hunturu na gasar a Nashville, aka kammala. Soto da Trent Grisham, mai tsaron bakin fili, suka tafi New York, Padres suka karɓi Michael King, Drew Thorpe, Jhony Brito, Randy Vásquez da Kyle Higashioka. Huɗun farko duk masu jifa ne, na biyar mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu. Ka ce ba ka taɓa jin sunansu ba, kuma ba laifinka ba ne, amma dubi shekarun da kowanne ya zo da su. King saura masa kaka biyu, kuma albashinsa na 2024 bai wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na Soto. Brito da Vásquez ba su ma cika shekara guda ta aiki ba, Thorpe ko babbar gasa bai taka ba, duk shekarunsa shida na nan. Kaka ɗaya ta Soto da biyu na Grisham suka bayar, suka karɓi shekaru masu yawa na hannaye masu arha.

King shi ne cibiyar cinikin, kuma shi ne cacar da ke ciki. Mafi yawan zamansa a Yankees mai karɓar jifa ne a tsakiyar wasa, ya taɓa karya gwiwar hannu a Yulin 2022, sai a ƙarshen 2023 aka gwada shi a buɗe wasa ya yi kyau na 'yan makonni. Padres suka yi imani zai iya ɗaukar kaka cikakkiya. Ya ɗauki zagaye sama da 170, ya kori masu bugu 201 da jifa, matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a zagaye tara 2.95. In ka kalli wasan 1 ga Oktoban 2024 da Atlanta Braves a Petco, ka ga amsar tambayarka da idonka. King ya yi zagaye bakwai ba a ci maki ko ɗaya ba, ya kori mutum 12, bai ba kowa tashar farko kyauta ba. Wanda ke durƙushe yana cafke masa ƙwallo Higashioka ne, kuma shi ya buga homran, wato bugun da ke tsallake katanga, a zagaye na takwas aka tashi 4 da nema. Washegari ya sake buga wata. Mutumin da aka ɗauka cikon ciniki ne ya ƙare kakar da homran 17.

Thorpe kuwa bai taɓa jifa wa Padres a gasa ba. Ranar 13 ga Maris 2024, ƙungiyar na shirin tashi zuwa Seoul ta Koriya ta Kudu inda za ta buɗe kaka da Dodgers, Preller ya haɗa shi da wasu uku ya karɓo Dylan Cease daga Chicago White Sox. Shi ma Cease kaka biyu suka rage masa, albashinsa miliyan 8. Ya kori mutum 224, kuma ranar 25 ga Yuli ya jefa wasa cikakke a Washington ba wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa, karo na biyu ke nan a tarihin Padres. Wannan wani abu ne da ya kamata mai bin hutun kaka ya riƙa lura da shi: ba a yanke wa musayar Disamba hukunci sai an ga abin da aka yi da kayan da aka karɓa. In ka haɗa cinikin biyu, Soto ya zama King da Cease, manyan masu buɗe wasa biyu, a kan kusan sulusin albashinsa.

Akwai wata ƙaramar ƙa'ida da ke matsa wa masu yanke shawara a wannan lokaci, ko da ba a jin ta a labarai. Mutum 26 ne ke cikin tawagar wasa, amma akwai babban jerin mutum 40 da ƙungiya ke karewa. Matashin da ya shekara huɗu ko biyar a ƙananan rukunai, in ba a sa shi a jerin 40 ba zuwa tsakiyar Nuwamba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi a Disamba a kan dala 100,000, da sharaɗin ta riƙe shi a cikin 26 ɗinta duk kakar ko ta mayar. Ke nan duk wanda ka karɓo a musaya sai ka samo masa kujera, wani ya tashi. Shi ya sa masu jifa irin Brito da Vásquez ke da daraja fiye da yadda alƙalumansu ke nunawa, don ana iya sauke su ƙaramin rukuni a dawo da su ba tare da an rasa su ba. Vásquez ya yi ta wannan hawa da sauka a 2024, yana toshe gurbi duk lokacin da Darvish ko Musgrove ba sa nan.

Padres sun ci wasa 93 a 2024, ƙarin 11 a kan kakar da suke da Soto, kuma sun sauko ƙasan layin haraji. Sai dai kada ka bari wani ya ce maka rabuwa da Soto ce ta ƙara musu wasa 11. Ƙungiyar 2023 ta fi yadda sakamakonta ya nuna. Ta ci maki 104 fiye da waɗanda aka ci ta, amma a wasannin da aka tashi da tazarar maki ɗaya ta ci 9 aka doke ta 23, a waɗanda aka shiga ƙarin zagaye ta ci 2 aka doke ta 12. Irin wannan rashin sa'a ba ya maimaita kansa shekara biyu a jere. Sannan tafiyar Soto da Grisham ta bar gurbi biyu cikin uku na bakin fili babu kowa, kuma yadda aka cike su har da rabo a ciki. Jurickson Profar sun ɗauke shi a Fabrairu a kan dala miliyan 1, bayan kakar da ta yi masa muni, ya zo ya buga homran 24 ya shiga wasan taurari. Jackson Merrill yaro ne ɗan shekara 20 da ya taso yana tsaron cikin fili, aka tura shi tsakiyar bakin fili lokacin atisayen bazara, shi ma ya buga 24 ya zo na biyu a kyautar sabon ɗan wasa. Na yaba wa waɗanda suka gano Merrill ya isa, wannan aikin ido ne. Amma babu wanda ya tsara Profar zai yi abin da ya yi, kuma da ɗayansu ya faɗi, da yau wani labarin ake yi.

Inda nake ganin laifin shugabannin Padres ya girmi Disamban 2023. Ranar 2 ga Agustan 2022 da suka karɓo Soto da Josh Bell, sun ba Washington CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell III, Jarlin Susana da Luke Voit. Abrams da Gore da Wood duk sun shiga wasan taurari daga baya, kuma a lokacin duk shekarunsu masu arha na gaba. An biya wannan farashi ne don a samu Soto a Oktoba uku. An samu ɗaya, ta 2022, inda suka fitar da Mets da Dodgers kafin Philadelphia Phillies su tsayar da su. Ban ga laifin wannan cacar ba, ƙungiyar da ba ta taɓa cin kofi ba tana da haƙƙin ta gwada. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne wata huɗu bayan nan a ɗauki miliyan 280 a ba Bogaerts yana ɗan shekara 30, alhali gurbin da yake tsarewa akwai Ha-Seong Kim a kai, ga Tatis ma a nan ya taso. Kaka ɗaya ya yi a gurbin aka matsar da shi tasha ta biyu. Wanda ya san zai fuskanci albashin Soto da ficewar masu jifa cikin shekara guda, ya kamata ya bar wa kansa wurin juyawa. Shawarar hunturu ɗaya ita ke ɗaure hannun hunturun da ke biye, kuma Preller na 2023 yana biyan bashin Preller na 2022 ne.

Su ma Yankees ba su yi asara ba, kuma wannan ba ya rushe abin da na faɗa. Suna da kuɗin, suna da gwanin bugunsu Aaron Judge a ganiyarsa, abin da suka rasa shi ne mai bugu da hagu da zai tsaya kusa da shi. Soto ya buga musu homran 41. Ranar 19 ga Oktoban 2024 a Cleveland, zagaye na goma, ana 2 da 2, mutum biyu a kan tasha, an riga an fitar da biyu, ya tsaya gaban Hunter Gaddis yana ta kautar da jifa waje yana gyaɗa kai, har ya samu wadda yake jira ya aika ta bayan katangar tsakiya. Bugun nan ya kai Yankees World Series karon farko tun 2009. Kaka ɗaya ta Soto ta fi daraja ga ƙungiyar da ke da sauran kayan aiki a kan wadda rabin jifanta ya watse, shi ya sa cinikin ya yiwu. Grisham ma, da bugunsa ya gaza .200, wato bugu mai kyau biyu cikin goma, kaka biyu a jere a San Diego, ya zo ya buga musu homran 34 a 2025.

Saura tambayarka ta biyu, kuma ita ta fi zafi. A jerin wasa biyar na Oktoban 2024, Padres na gaba da wasa 2 da 1 a kan Dodgers, saura nasara guda. Daga zagaye na biyu na wasa na uku, inda suka ci maki shida, ba su sake cin maki ba har zagaye 24 a jere. Aka doke su 8 da nema a San Diego, aka doke su 2 da nema a Los Angeles. A wasan ƙarshen Darvish ya yi jifa mai kyau, homran biyu kaɗai aka ci shi, amma bugu biyu rak Padres suka samu a kan mai jifan Dodgers Yoshinobu Yamamoto da waɗanda suka karɓe shi. Duka biyun a zagaye na uku suka zo, Higashioka da Luis Arraez a jere, sai Tatis ya buga ta ƙasa aka fitar da mutum biyu lokaci guda. Duk wanda ya kalli wannan daren ya tuna Soto, kuma da gaskiyarsa. Mutumin da ke kai wa tasha sau huɗu cikin kowane zuwa goma, wanda ya fi kowa samun tafiya kyauta zuwa tashar farko a 2023 da 132, irinsa ne ke karya irin wannan fari. Ba zan ce maka ba zai canza sakamakon ba.

Amma sai ka cire abin da aka samu da shi kafin ka mayar da shi cikin jerin. Musgrove ya ji rauni a gwiwar hannu a wasa na biyu da Braves, aka yi masa tiyata, bai jefa ko ɗaya a kan Dodgers ba. Cikin wasanni biyar ɗin, Cease ne ya buɗe na ɗaya da na huɗu, King na uku, Darvish na biyu da na biyar. Gaskiya ne Cease bai yi kyau a dukansu ba, a na huɗun ma da hutun kwana uku aka fito da shi. In Soto na nan, babu King, babu Thorpe da za a nemo Cease da shi sai dai a ƙara zubar da wasu matasan, babu Higashioka, kuma miliyan 31 ɗin da harajinsa sun cinye kuɗin da za a nemi madadinsu. Darvish mai shekara 38, wanda shi ma ya yi fashin kusan wata uku a kakar, shi kaɗai zai rage, kuma sai an fara samo wanda zai ɗauki zagaye sama da 360 da King da Cease suka ɗauka daga Maris zuwa Satumba kafin ma a kai ga haɗuwa da Dodgers.